Ɗakin Karatun Garin Gawo, Shekara Goma Sha Ɗaya Bayan Ya Falmata

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan bazarar, da muka kai yayata Hajiya Falmata makwancinta a nan Damagaram. Mu a gida Ya Falmata muke ce mata, yadda mutanenmu 'yan asalin Barno ke kiran na gaba da su. Kowace shekara nakan ɗauki bik da niyyar rubuta wani abu a kanta, sai in mayar in ajiye. Abin da jama'a suka sani game da ita ba ya bukatar bakina. Abin da ni na sani kuwa, ina gudun a ce tsufa ya fara taɓa tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko. Bana dai na ga abin da ya sa shirun ya fi mini maganar nauyi, shi ya sa na roƙi wannan fili.

A Birni aka haife mu, cikin lungunan da ke kusa da fada. Mahaifinmu falke ne, fata da kanwa yake kaiwa yana kawowa. Ni aka sa lakwal, ita allo kawai ta yi, don a lokacin ba a cika kai 'ya mace ba. Amma in na dawo da yamma sai ta ajiye tsintsiya, ta zaunar da ni a dokin ƙofa, ta ce in buɗe littafin Faransanci in karanta da ƙarfi. Ko kalma ɗaya ba ta ji. In na kai ƙarshen shafi sai ta ce, "To, Gana, yanzu faɗa mini da Hausa." Gana shi ne ƙarami a bakin Barebari, kuma har gemuna ya yi fari ba ta sake mini wani suna ba.

Ta yi aure, ta haihu, mijin ya rasu tana da sauran ƙuruciya. Da turaren wuta da humra ta fara, a cikin ɗakinta take haɗawa. Daga nan ta shiga atamfa tsakanin Kano da Damagaram, har Allah Ya buɗa mata ta mallaki kamyo, babbar motar kaya, na kanta. Ta gina masallaci, ta haƙa rijiyoyi, kamar yadda masu hali suka saba. Sai wata rana ta kira ni ta ce tana son ta gina wa yaran ƙauye ɗakin da za su shiga su tarar da littattafai, ba don jarrabawa ba, don su ji daɗi kawai.

Na farko a wani ƙauye kusa da Mirriya aka yi shi. Ɗaki ɗaya ne mai rufin tol, wato kwano, da tagogi, da tabarmi, da katakon jera littattafai ƙasa-ƙasa inda hannun yaro zai kai, sai randa a bakin ƙofa. Daga baya aka yi wasu a ƙauyukan Gouna da na Dogo. Ni nake zaɓo littattafan: na Hausar boko, na ajami, na Faransanci, tatsuniyoyi, labarun annabawa, na dabbobi, na taurari. Ita kuma ta ɗauki kowanne ta juya, ta duba hotunan, wanda ba shi da hoto ko ɗaya ta tura mini shi gefe. Dokokinta ba su da yawa. Ba a shiga da bulala, ba a kulle ƙofa in dai da rana a sama, kuma duk wanda ya iya karatu ya ɗaga murya don wanda bai iya ba ya ji.

An yi mata dariya a garin nan, har a cikin dangi. Wai wadda ba ta iya rubuta sunanta da boko ba ce za ta koya wa ɗan manomi labarin taurari. Ba ta taɓa yin fushi ba. Takan ce mai ƙishirwa shi ya san darajar ruwa, ba mai rijiya ba.

Duk wannan an sani. Abin da ba a sani ba shi ne yadda aka yi na Garin Gawo.

Da damina ne, muna dawowa daga wajen Dogo ta wata hanyar yashi, ni da ita da direbanta. Rana tsaka, gero ya kai ƙugu, ko'ina kore. Muka zo wani wuri inda wasu manyan itatuwan gawo suke tsaye ba ganye ko ɗaya, kamar yadda gawo yake yi da damina, fari fat a tsakiyar shuka. Ta ce a tsaya. Ta sauke gilashi ta karkata kai.

"Gana, makarantar wa ke nan?"

Na duba. Babu makaranta, babu gida, ƙauyen ma yana can gaba kaɗan. Na ce mata ba na jin komai sai iska.

"Yara ne," in ji ta. "Suna so su biya, amma ba mai biya musu."

Ba mace ba ce mai tsafi ko bori. Mai salla ce, mai azumin nafila, kuma a harkar kasuwa ba a taɓa ruɗa ta ba. Shi ya sa ban ɗauki maganar da wasa ba. Muka ƙarasa cikin ƙauyen muka nemi mai gari, wani dattijo mai ƙarancin magana. Da ta gaya masa inda take son ta yi gini, sai ya ce wurin kufai ne, nan garin yake tun farko. A zamanin kakansa agana ta shigo, ta bar manya ta bi yara gida-gida, har aka daina kai su maƙabarta, ana binne su nan gindin gawon. Waɗanda suka rage suka tashi suka matsa gaba. Tun daga lokacin ba a noma wurin, ba a ɗaure ko akuya a can.

Na zaci za ta janye. Sai ta nemi liman, ta tambaye shi iyakar kaburburan. Ya kai mu ya nuna. Ta ce to, ba a kansu za ta gina ba, Allah Ya kiyaye, amma a bakin iyakar za ta gina, ta fuskanto da taga wajensu. Mai gari ya ce wa zai bar ɗansa ya je can? Ta ce a gwada. Liman ya ce shi dai bai san inda aka hana karatu kusa da maƙabarta ba.

Aka gina. Farko yara kaɗan ne suke zuwa, suna riƙe da hannun juna. Kafin kaka, ɗakin ba ya ɗaukar su. Wadda aka ba riƙon wurin sunanta Tsahara, bazawara ce 'yar garin, ta yi lakwal har ajin ƙarshe na firamare kafin a yi mata aure. Mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan surutu. Ita ce wata rana, muna zaune a bakin ɗakin bayan yara sun watse, ta sassauta murya ta ce, "Hajiya, akwai abin da nake so in faɗa, kada ki ce na zautu. In suna biyawa tare, muryoyin sun fi yaran da nake gani yawa."

Na dubi fuskar yayata, ko gezau. Ta ce, "Sun taɓa hana wani karatu?" Tsahara ta ce a'a. Ta ce, "To ki bar su."

A mota na kawo mata bayanin da na iya. Na ce rufin tol yana mayar da murya, ƙaramin ɗaki kuma yana ninka ta. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Mai yiwuwa ne, Gana. Kai ne ka yi lakwal." Ba mu sake tada maganar ba. Amma na lura, duk lokacin da sababbin littattafai suka iso daga Kano ko Yamai, na Garin Gawo take fara warewa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni kuwa a wurinta yaro nake har ta koma ga Allah.

Ciwonta bai daɗe ba. Ranar da za ta cika, bayan la'asar, 'ya'yanta suna kewaye da ita, ta neme ni da ido. Na matso. Ban ji ta ambaci kanti ko kamyo ba. Ta ce, "An buɗe na Garin Gawo yau?" Na ce an buɗe, don na san Tsahara ba ta fashi. Ta lumshe ido kamar mai sauraron wani abu daga nesa, leɓunanta suna motsi. Daga nan sai kalmar shahada.

Yau in na zauna ina tunanin me za ta ce da ta ga zamanin nan, ba na samun amsa ɗaya. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ɗaya daga ɗakunanta na wajen Gouna ya zama rumbun ajiye wake, na gani da idona, littattafan an tura su lungu gara tana ci. Wani kuma an sa masa faranti mai ɗaukar hasken rana, samari suna cajin salula a ciki, kowa ya sunkuyar da kai yana shafa gilashi, ba mai ce wa wani uffan. Ba na jin za ta tsani salula, don mace ce mai son sabon abu, da ta saya ta ce in koya mata. Shirun ne zai dame ta. Za ta tsaya a ƙofa ta ce, wannan karatu ne ko zaman makoki?

Amma na kusa da Mirriya yana nan da ransa. Wadda take riƙe da shi yanzu a kan tabarmarsa ta koyi haɗa baƙi, yau ita ce ke karɓar haihuwa a likitar garin, wato asibiti, in ta tashi aiki ta zo ta buɗe wa yara. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko da yake wani yakan faɗa inda ƙasa ta rufe shi.

Garin Gawo kuwa ya tashi. Rijiyarsu ta yi ta ja da baya har ta ƙafe, mata suka gaji da tafiyar neman ruwa, gida-gida aka kwashe aka koma bakin gudron, hanyar kwalta, inda aka yi famfo. Gonaki kawai ake komawa da damina. Da labari ya iso, babban ɗanta Alhaji Bukar ya zo har gida ya same ni. Ya ce, "Kawu, littattafan Hajiya suna can cikin daji, yaran kuma suna bakin hanya ba su da ko ɗaya. Ka je ka kwaso, a cire tol ɗin a yi musu rumfa." Maganarsa gaskiya ce, babu inda zan kama in musa. Na ce to.

Na ɗauki hayar wata ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya. Direban, Idi, magidanci ne mai yawan raha, tun daga Damagaram yake ba ni labari. Da muka bar gudron muka shiga yashi sai labarin ya fara raguwa. Mun isa rana ta take tsaka, zafin bazara yana dukan ƙasa har iska na rawa. Na sha ganin kufai, amma ban taɓa shiga garin da na san mutanensa na tarar da shi haka ba. Danga ta kwanta, ƙofofi a wangale, turmi ɗaya a kife a tsakar wani gida. Babu zakara, babu akuya, babu hayaƙi. Inda mai gari yake shimfiɗa buzunsa, tumfafiya ta fito har ta yi fure.

Muka wuce zuwa gindin gawon. Ɗakin yana nan, ƙofa a buɗe. An share gabansa, sawun tsintsiya yana kwance a yashi sabo. Na ɗaga murfin randa, ruwa ne a ciki, mai sanyi. Kafin in yi sallama na ji murya daga ciki, mace tana karanta tatsuniya a hankali, tana tsayawa a ƙarshen kowace jimla kamar yadda ake yi in ana jiran yara su maimaita.

Tsahara ce. Ta tsufa, ta rame, ta sa tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Tana zaune a gaba da littafi a cinya, tabarmi a shimfiɗe a jere har bango, babu kowa a kansu. Ta ɗaga hannu alamar in dakata, ta ƙarasa shafin, sannan ta amsa sallamata. Ashe kullum da safe takan taso daga sabon garin a ƙafa, da tulunta a ka, ta share, ta zuba ruwa, ta karanta, ta koma kafin la'asar.

"Tsahara, wa kike karanta wa?"

"Mushe, sun saba," in ji ta. "Kowa ya tafi ya bar su. Karo na biyu ke nan."

Na zauna a bakin tabarma. Na sani, kamar yadda kowane musulmi ya sani, wanda ya mutu ba ya dawowa. Na kuma sani Allah Yana da bayi da ba mu gani, kuma kaɗaici yana sa kunne ya ji abin da zuciya take so. Duk wannan yana cikin kaina lokacin da ta juya shafi ta karanta jimla ɗaya ta tsaya. A cikin tsayawar nan na ji shi. Ba magana ba ce da zan iya ware kalmominta. Wani gunaguni ne siriri, mai tashi da sauka daidai da yadda jimlar ta tashi ta sauka, daga bayan ɗakin wajen taga. Na yi shekaru ina tsaye gaban aji, na san ƙarar yara in suna biyawa ƙasa-ƙasa don kada a gane wanda bai iya ba. Mai yiwuwa ƙudan zuma ne a kogon gawo. Mai yiwuwa tol ne yake kuka saboda zafi. Ina cikin lissafa wa kaina waɗannan sai Idi, wanda na bari a mota, ya leƙo ƙofa yana murmushi, ya ce, "Mushe, ai ka ce garin ba kowa. 'Ya'yan wa ke..." Bai ƙarasa ba. Ya dubi tabarmin, ya dube ni, ya ja da baya yana ambaton Allah, ya koma mota ya rufe ƙofa.

Na gaya wa Tsahara abin da ya kawo ni. Ba ta yi gardama ba, hawaye kawai suka zubo mata. Ta ce ita ma tana ganin yaran sabon garin suna yawo a bakin gudron, har jikokinta a ciki, suna tambayarta ina littafin kura da ɗan akuya. Ta ce ta rasa yadda za ta raba kanta biyu. Na ce mata mai rai yana da haƙƙin da ba a jinkirta shi, kuma da Hajiya tana nan, da ita za ta fara cewa a kai wa masu rai. Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Na yarda, Mushe. Amma ni ba zan iya gaya musu ba. Kai ne jininta. Ka tashi ka gaya musu da bakinka."

Ban san yadda mai karatu zai ɗauke ni ba, amma na tashi. Na tsaya inda mushe yake tsayawa, na fuskanci tabarmi da taga da itatuwan da ke bayanta. Na yi sallama. Na ce ni ƙanen Hajiya Falmata ne, wadda ta gina wannan ɗaki. Na ce 'yan'uwanku sun koma bakin hanya saboda ruwa, za mu kai musu littattafan. Na ce ba wulaƙanci ba ne, kuma ba a manta da ku ba. Na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, na roƙi Allah Ya sa su a cikin yaran Aljanna, su ceci iyayensu. Tsahara ta shafa.

Da na yi shiru, sai komai ya yi shiru. A lokacin na gane tun isowarmu akwai wani sauti a wurin da kunnena ya ɗauka na daji ne, sai da ya ɗauke na san da shi. Iska ba ta motsa ganye ba, tol bai ƙara yin ƙara ba. Wannan shirun ya fi gunagunin tayar mini da tsikar jiki, kuma har yau in na tuna shi nakan ji kamar na sallami aji kafin lokacin tashi.

Da ƙyar na shawo kan Idi ya taya mu lodi, yana yi yana karanta Ayatul Kursiyyu. Littattafai muka kwashe da katako. Tol ɗin na bari, da ƙofa, da randa. Na gaya wa Alhaji Bukar ya sayi sabon tol, ya dube ni bai tambayi dalili ba, ya saya.

Kwanan baya na koma sabon garin in ga rumfar. Tun daga nesa ake jin su, sun cika ta har waje, wasu a tsugune a rana. Tsahara ta yi ɗan kumari. Na tambaye ta ko tana komawa can. Ta ce ta je sau ɗaya, ta karanta shafi guda, ba ta ji komai ba, ta jawo ƙofa ta dawo. Sai ta nuna mini wata tabarma a can ƙarshen rumfar, a inuwa mai kyau, babu kowa a kanta alhali ana matsatsi. Ta ce ita dai takan shimfiɗa ta tare da sauran, kuma ba ta taɓa hana kowa zama ba, amma yaran da kansu suke kewaye ta. Ba kowane abu ne aka ba ɗan Adam ya bi diddiginsa ba.

Ina shirin tafiya na ji wata uwa tana ƙwala wa 'yarta kira daga bakin famfo, yarinyar ta amsa, "Inna, ina Falmata!" Na tsaya. Na tambayi Tsahara, ta yi dariya ta ce haka suke kiran wurin, za mu Falmata, mun dawo daga Falmata, an tashi Falmata. Na kira yarinyar na ce ko ta san mai sunan. Ta ɗaga kai daga littafinta, yatsanta yana kan layin don kada ya ɓace mata, ta ce, "Baba, ashe mutum ce?"

Na yi tunanin abin zai yi mini ciwo, sai na ji bai yi ba. Dukiyar an raba, kamyon ya ruɓe a gareji, waɗanda suka san fuskarta muna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne sunan macen da ba ta taɓa karanta shafi ɗaya na boko da kanta ba ya zama sunan wurin da yara suke zuwa karatu. Na ce wa yarinyar mutum ce, yayata ce, ki riƙa yi mata addu'a. Ta ce to, ta mayar da kanta kan littafin, ta ci gaba da ƙarfi.

Allah Ya jiƙan Ya Falmata, Ya haskaka kabarinta, Ya jiƙan yaran da ke kwance gindin gawo waɗanda ba wanda ya san sunansu. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani.